Yadda 'Yan Kasuwar Kontagora Ke Fama Da Tsadar Rayuwa

KONTAGORA, Jihar Neja. Duk wanda ya zagaya kasuwar Kontagora a shekarun nan zai lura cewa ma'aunin ciniki ya canja. Magidancin da a da yake sayen buhun masara ya ajiye a gida ya koma sayen kwano, mai sayen kwano ya koma gwangwani, mai sayen kwalbar man gyaɗa kuwa sai dai a ɗaura masa a leda. 'Yan tireda ma sun bi sahu, suna ƙulla sukari da omo da gishiri ƙanana-ƙanana, domin abin da aljihun mai saye ke iya ɗauka ke nan. Wannan hali ya samo asali ne daga wasu matakan tattalin arziki da aka ɗauka a Abuja, waɗanda suka haɗu da matsalolin da garin ya daɗe yana fama da su na hanya da wutar lantarki da rashin tsaro.

Kontagora gari ne na mararraba tun zamanin Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya kafa masarautar a ƙarni na 19. Babbar hanyar da ta taso daga Legas ta ratsa Ilori da Jebba da Mokwa ta nan take bi kafin ta wuce Yawuri da Sakkwato. Wata hanyar ta nufi Tegina da Minna, wata kuma ta yi Rijau da Zuru. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutum sama da 150,000. Arzikin garin na tsaye ne bisa ƙafafu uku: hatsi da dabbobin da ake kawowa daga ƙauyukan Mariga da Magama da Mashegu da Rijau, sufurin manyan motoci, sai kuma albashin ma'aikatan gwamnati da na Jami'ar Ilmi ta Tarayya da na barikin soja. Dukkan ƙafafun nan uku sun jigata a lokaci guda.

Asalin matsalar

Bugun farko ya zo a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya sa farashin man gas ya tashi daga kimanin Naira 300 zuwa kimanin Naira 800 kowace lita. Da man gas tirela ke tafiya, da shi kuma yawancin injinan niƙa da na casar shinkafa ke aiki, saboda haka kuɗin dako da na niƙa suka tashi nan take. Kafin jama'a su farfaɗo sai ga canjin takardun kuɗi da Babban Bankin Nijeriya ya sanar a watan Oktoba na 2022. A watannin Fabrairu da Maris na 2023 tsabar kuɗi ta yi ƙamfa, kuma kasuwannin ƙauye, inda manomi ba ya karɓar komai sai abin da ya ƙirga da hannunsa, su suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur. Litar da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 a jihohin Arewa cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoba na 2024 ta zarce Naira 1,000. A watan Yuni na 2023 ne kuma aka sakar wa kasuwa ragamar farashin Naira, inda Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa kimanin Naira 460 ta wuce Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin kayan abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari a watan Yuni na 2024, ta dukkan kayayyaki kuwa ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na wannan shekara.

Lissafi ɗaya ya isa ya nuna inda ma'aikaci ya tsaya. A 2019, da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a Naira 30,000, litar fetur tana Naira 145, wato albashin yana sayen lita fiye da 200. A 2024 gwamnatin tarayya ta ɗaga shi zuwa Naira 70,000, Gwamna Mohammed Umaru Bago kuma ya amince da Naira 80,000 ga ma'aikatan Jihar Neja. Amma a farashin ƙarshen 2024 wannan kuɗi bai kai ga sayen lita 80 ba. Albashin ya ninka fiye da sau biyu a takarda, ƙarfin sayensa kuwa ya ragu. Idan ma'aikaci ya rage cefane, mai tireda da mahauci da tela da mai gidan haya duk sai sun ji a jikinsu.

Hanya, wuta da tsaro

A garin da rayuwarsa ta rataya ga sufuri, lalacewar hanya haraji ne da ba a rubuta a doka ba. Direban da ya bi hanya mai ramuka yana ƙona mai fiye da ƙima, yana canja taya da sifirin kafin lokacinsu, yana kuma kwana a hanyar da ya kamata ya gama cikin yini. Duk wannan a kan kuɗin dakon buhu yake ƙarewa. Ambaliyar da ta auka wa Mokwa ranar 29 ga Mayu, 2025, wadda ta hallaka mutum sama da 150, ta kuma yanke hanyar Kudu, ta nuna yadda cinikin yankin baki ɗaya ya dogara ga titi guda.

Batun wutar lantarki ya fi ci wa mutanen Neja tuwo a ƙwarya, domin a jiharsu madatsun ruwan Kainji da Shiroro da Zungeru suke. An buɗe Kainji a 1968, Shiroro mai ƙarfin megawat 600 a 1990, Zungeru kuma an gina ta da ƙarfin megawat 700. Duk da haka mai walda da mai sayar da ƙanƙara da mai ɗab'i ba su isa su yi wa abokin ciniki alkawari bisa wutar gwamnati ba. Kowannensu na da janareta, kuma tun da fetur ya yi tsada janaretan ya zama abokin rabon riba. A watan Oktoba na 2024, lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna ya jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu na kwanaki masu yawa. Ruwan sha ma ya bi wannan layi: in babu wuta ba a tura ruwa daga rijiyar burtsatse sai da janareta, saboda haka 'yan ga-ruwa sukan ƙara kuɗin jarka, uwar gida kuma ta rage na miya don ta biya.

Rashin tsaro shi ne mafi muni. Sace ɗaliban Kagara a watan Fabrairu na 2021, da na makarantar Islamiyya ta Tegina a watan Mayu na wannan shekara, sun faru ne a kan hanyar da 'yan kasuwar Kontagora ke bi zuwa Minna da Kaduna. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar ta dakatar da kasuwannin shanu na mako-mako don toshe wa ɓarayin daji kafar sayar da dabbobin sata, matakin da ya tsayar da sana'ar dillalai da mahauta da direbobi na wani lokaci. A watan Nuwamba na 2025 kuma aka sace ɗalibai da malamai daga makarantar St. Mary's ta Papiri a ƙaramar hukumar Agwara. Ta fuskar tattalin arziki illar iri biyu ce. Manomin da ya gudo daga gonarsa ya rage hatsin da ke shigowa kasuwa, sannan ya zama ƙarin mai neman ɗakin haya da aikin acaɓa ko dako a cikin gari, inda masu wannan sana'a suka riga suka yi yawa.

Dabarun da jama'a suka koma

Dattawan kasuwa ba baƙin irin wannan yanayi ba ne. Sun ga shirin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar a 1986, sun ga litar fetur ta tashi zuwa Naira 11 a 1994, sun kuma ga hauhawar farashi ta wuce kashi 70 cikin ɗari a 1995. A wancan zamani ne matan gida suka koma murhun garin katako da aka laƙaba wa sunan Abacha, saboda ƙarancin kananzir. A wannan karon gawayi da itace aka koma, abin da ke cinye dazuzzukan yankin, har da itatuwan kaɗanya da mata ke samun abin sayarwa daga gare su.

Adashi ya dawo da ƙarfinsa, kuma dalilin a fili yake. A watan Nuwamba na 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da sana'ar da za ta biya irin wannan ruwa, ban da cewa da yawa suna ƙyamarsa saboda addini. Sai dai adashi ma yana da nasa aibi a lokacin hauhawar farashi: wanda ya kwasa a watan farko ya sayi kaya da arha, wanda ya kwasa a wata na goma ya karɓi adadi iri ɗaya amma mai ƙarancin daraja. Shi ya sa gajeren adashi na kullum ko na mako ya fi dacewa da wannan zamani.

Matasa da yawa sun kama sana'ar POS da cajin waya da na'urar hasken rana. Ma'aikatan gwamnati sun ƙara dogara ga gona da kiwon kaji da tumaki. Masu motocin hawa sun jingine su sun koma babur ko Keke Napep. Littafin bashi na mai tireda kuma ya yi kauri, domin hana maƙwabci bashi abin kunya ne, ba shi kuwa na iya zama karyewar jari.

Ribar da ba riba ba

Babban haɗarin da ke gaban ɗan kasuwa a irin wannan lokaci shi ne ya ci uwar kuɗinsa yana zaton riba yake ci. A ɗauki misali: mutum ya sari buhu 100 a kan Naira 40,000 kowanne, ya sayar a kan Naira 46,000. A lissafinsa ya sami ribar Naira 600,000. Amma da ya koma kasuwar ƙauye ya tarar buhu ya kai Naira 48,000. Ko da bai taɓa ko kwabo ba, kuɗinsa duka buhu 95 za su saya. In kuwa ya riga ya kashe abin da ya kira riba a hidimar gida, buhu 83 kawai zai ɗauko. Zagaye uku ko huɗu irin wannan sun isa su mayar da mai shago ɗan kamasho. Maganin shi ne a auna jari da yawan kaya, a kuma yanke farashin sayarwa bisa kuɗin da za a sake saro kayan.

Haɗarin yana da fuska ta biyu. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa da aka yi a Minna ranar 5 ga Fabrairu, 2024, gwamnatin jihar ta hana sayen kayan abinci da yawa daga kasuwannin ƙauye don fita da su. A watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Cikin 2025 farashin hatsi ya faɗi ƙwarai. Mai saye ya sami sauƙi, amma wanda ya cika sito da tsada yana jiran bazara ya yi asara, manomin da ya sayi taki da tsada kuma ya kasa fid da kuɗinsa. Haka nan dakatar da fitar da ɗanyen kaɗe zuwa ƙasashen waje da aka sanar a watan Agusta na 2025 ya karya farashinsa a hannun masu tsinta da dillalai, alhali Neja na cikin jihohin da suka fi samar da shi. Darasin shi ne, wanda ke ajiyar amfanin gona dole ya riƙa sauraron sanarwar gwamnati kamar yadda yake duban damina, kada kuma ya zuba jarinsa duka a kaya iri ɗaya.

Abin lura kuma, alƙaluman hauhawar farashi sun sauka. Bayan da Hukumar Ƙididdiga ta sake tsarin lissafinta, ta ba da kashi 24.48 cikin ɗari a watan Janairu na 2025, kuma a watan Satumba adadin ya yi ƙasa da kashi 20. Ma'anar wannan ita ce gudun tashin farashi ya ragu. Taki da taya da siminti da magani ba su koma farashin 2022 ba, saboda haka ɗan kasuwar da ya gina lissafinsa bisa jiran komawarsu zai daɗe yana jira.

Abin da ya rage ga hukuma

Ƙoƙarin mutum ɗaya yana da iyaka. Ɗan kasuwa na iya gyara littafinsa, ya rage bashi, ya haɗa dakon mota da abokansa don rage kuɗin sufuri, amma ba zai iya cike ramukan babbar hanya ko ya kori ɓarayin daji ba. Abubuwa uku ne za su fi saurin taɓa aljihun mutanen Kontagora: gyaran hanyoyin Mokwa da Yawuri da Tegina, tsaron da zai bai wa manoman Mariga da Mashegu da Rijau damar komawa gonakinsu, da tsayayyar wuta ga masu casar shinkafa da matsar mai, domin a riƙa sarrafa amfanin gona a garin maimakon a loda shi ɗanye zuwa Kudu. Wajibi ne kuma gwamnati ta riƙa ba da isasshen wa'adi kafin ta buɗe ko ta rufe ƙofar shigo da kaya da fitar da su, domin manomi da ɗan kasuwa tun farkon damina suke yanke shawarar abin da za su shuka da abin da za su saya.