Jarumi da Macijin Rijiya: Labari Ɗaya a Ƙasashe Huɗu

Kowace al'umma tana da labarin jarumanta na dā. Kaka ce ke ba jika, jika kuma ya ba nasa jikan. Wasu an rera su da waƙa, wasu an rubuta su a littafi. Masana sun tattara irin waɗannan labarai daga ƙasashe masu nisa da juna, suka jera su, sai suka ga abin mamaki. Mutanen da ba sa jin harshen juna suna ba da labari kusan iri ɗaya. A wannan wata za mu duba guda daga ciki, wato labarin jarumin da ya kashe macijin da ke tare da ruwa.

Bayajidda a Daura

Bari mu fara da na gida. An ce Bayajidda ɗan sarkin Bagadaza ne. Ya baro garinsu ya sauka Borno, ya auri 'yar sarki. Da zama ya ƙi daɗi sai ya gudo. Ya bar matarsa a Garun Gabas, inda ta haifi Biram. Ya biya ta Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa.

Da dare ya iso Daura, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce masa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, domin akwai wata macijiya mai suna Sarki a cikin rijiyar Kusugu. Ya karɓi guga ya tafi. Da macijiyar ta fito da kai, sai ya sare shi. Sarauniya Daurama ta yi masa tayin rabin gari, shi kuwa ya ce aurenta yake so. Suka haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida tare da Biram su ne aka ce sun kafa Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura, a Jihar Katsina, mutane na zuwa ganinta.

Kadmus a ƙasar Girka

Yanzu mu tsallaka teku zuwa Girka, a nahiyar Turai. Girkawan dā suna da labarin wani ɗan sarki mai suna Kadmus. Shi ma baƙo ne daga gabas, daga birnin Taya, wanda yake cikin ƙasar Labanan a yau. Ya fito neman ƙanwarsa da aka sace, bai same ta ba. Sai masu duba suka ce masa ya bi wata saniya, inda duk ta kwanta ya kafa gari.

Da saniyar ta kwanta, ya aiki mutanensa su ɗebo ruwa a wata maɓuɓɓuga. Ashe wani ƙaton maciji ne ke gadinta, ya hallaka su. Kadmus ya je da kansa ya kashe shi. Ya shuka haƙoran macijin a ƙasa, sai mayaƙa suka tsiro, suka yi ta faɗa da juna har saura biyar. Da su ya gina birnin Tibis, kuma daga gare su manyan gidajen birnin suka fito. Girkawa sun ce shi ne ma ya kawo musu haruffan rubutu. Mai karatu ya lura: baƙo daga gabas, neman ruwa, kashe maciji, sannan sarauta. Kamar an kwafo daga Daura, alhali kuwa Girkawa suna ba da wannan labari tun fiye da shekara 2,400 da suka wuce.

Indira a ƙasar Indiya

Akwai wanda ya fi wannan tsufa. Mutanen Indiya suna da wani tsohon littafin waƙoƙin addininsu mai suna Rig Beda. Yana da waƙoƙi 1,028, kuma an tsara su fiye da shekara 3,000 da suka wuce. A cikinsa akwai labarin wani maciji mai suna Biritira. Ya kwanta a kan dutse ya tare dukkan ruwa, koguna suka ƙafe. Sai Indira, ɗaya daga abubuwan da suke bauta wa, ya buge shi da makamin tsawa ya kashe shi. Nan take koguna bakwai suka ɓalle suka gangara teku. Saboda wannan aiki suke ɗaukar Indira a matsayin sarkin abubuwan bautarsu. A nan ma, wanda ya saki ruwa shi ne ya zama sarki.

Bida a ƙasar Wagadu

Na huɗu ya fito daga yammacinmu, kuma ƙarshensa ya bambanta. Wagadu tsohuwar daula ce ta mutanen Soninke. Larabawa sun kira ta Gana, amma ba ita ce ƙasar Gana ta yanzu ba. Tana inda Mali da Muritaniya suke a yau. Wani malami Balarabe mai suna Al-Bakri ya rubuta labarin yawan zinariyar sarkinta a shekarar 1068.

Mawaƙan Soninke sun ce akwai wani maciji mai suna Bida. Kowace shekara ana ba shi budurwa mafi kyau, shi kuma ya sa a sami ruwan sama da zinariya. Wata shekara abin ya faɗo kan wata yarinya mai suna Siya. Saurayinta Mamadi ya ce ba zai yarda ba. Ya laɓe da takobinsa, ya sare kawunan macijin guda bakwai. Kafin Bida ya mutu sai ya la'anci ƙasar. Aka yi fari na shekara bakwai, zinariya ta ɗauke, mutanen Wagadu suka watse cikin duniya.

Mamadi ya ceci rai, amma ƙasa ta tashi. Mawaƙan sun bar wa mai sauraro ya auna da kansa: yarinya ɗaya kowace shekara, ko arzikin gari duka? Tambaya ce mai nauyi, shi ya sa labarin bai mutu ba.

Me ya sa suka yi kama?

Masana suna da amsa biyu. Ta farko, labari yana tafiya da ƙafar mutane. Fatake da mahajjata da malamai suna ƙetare hamada da teku, kuma ba kaya kaɗai suke ɗauka ba, har da hira. Ta biyu, damuwar ɗan Adam ɗaya ce ko'ina. Duk manomi da makiyayi ya san abin da rashin ruwa ke yi. Ya kuma san maciji yana son wuri mai sanyi da laima, kamar bakin rijiya da rani. Saboda haka idan mutane suna neman siffar abin da ke raba su da ruwa, maciji ne zai fara zuwa musu a rai. Mai yiwuwa ne duka amsoshin biyu suna da gaskiya.

To, labaran nan sun faru da gaske? Ba a karanta su kamar labarin jarida. Amma kuma ba a zubar da su, domin akwai tarihi a ɓoye cikinsu. Dubi na Daura. Bayajidda ya tarar da gari da sarauniyarsa, ya tarar da maƙera a Gaya. Ke nan akwai mutane da sana'a da mulki a ƙasar Hausa kafin zuwansa. Labarin ya kuma nuna cewa mata ne ke sarautar Daura a dā, daga baya ta koma hannun maza. Na Wagadu kuwa yana tuna wa Soninke farin da ya raba kakanninsu da ƙasarsu.

Abin da ya haɗa labaran huɗu shi ne ruwa. A uku daga ciki jarumi ya buɗe wa jama'a ruwa, suka ba shi girma da sarauta. A na huɗu ruwa ya ɗauke, daula ta rushe. Haka mutanen dā suke auna shugaba, da abin da talaka ya samu ya sha, shi da dabbobinsa.

Jama'a, kusan kowane tsohon gari yana da rijiya ko tafki ko kogi mai labari. Ku tambayi dattawan garinku wa ya haƙa, wa ya fara sha, me aka ce yana zaune a ciki. Wanda ya iya riƙe alƙalami ya rubuta abin da ya ji, da sunan garin da ranar da aka ba shi labarin, ya adana wa na baya.