Ɗan Ƙwaya Ma Majinyaci Ne: Tsokaci a Kan Kullen 2020 Daga Ƙasar Matazu

'Yan'uwa masu karatu, mako na bana za mu yi magana a kan wasu bayin Allah da aka manta da su lokacin annobar korona, watau waɗanda shan ƙwaya ya riga ya kama jikinsu har ba su iya bari don kansu.

Cutar ta ɓulla a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. A watan Afrilu ta kashe wani likita a Daura, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa aka kulle garin, Kano ma aka kulle ta, sa'an nan Gwamnatin Tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a ɗage ba sai ran 1 ga Yuli. Azumi ya faɗo a cikin wannan hali, damina ta biyo baya.

To, duk wanda ya san ƙasar noma tun daga Matazu da Musawa har Malumfashi da Funtuwa ya san ba 'yan iskan gari kaɗai ke haɗiyar tiramol ba. Akwai ɗan ƙwadago mai so ya yi huɗar yini biyu a yini ɗaya, akwai ɗan acaɓa, akwai mai lodin buhunan masara a kasuwa, akwai kuma matar aure da ta fara da maganin tari. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya sami mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, wajen miliyan 3 daga ciki a Arewa maso Yamma, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. Daga cikin waɗanda abin ya fi yi wa katutu, wajen kashi 40 cikin ɗari sun ce suna son magani ba su samu ba. Wannan tun kafin annoba ke nan.

Ina mutumin Matazu zai kai ɗansa? Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a yankinmu a lokacin su ne na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato, sai na jiha da ke Dawanau a Kano. Duk a wata jiha suke, sai ko abin da ya sawwaƙa a birnin Katsina. Gidajen mari kuwa, inda talaka ya saba kai wanda ya gagara, an riga an bi su da rufewa: a Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, a Oktoba aka yi haka a Daura da Katsina. Ba mu kuka da rufewarsu, don ɗaure ɗan Adam da sarƙa da dukansa ba magani ba ne, zalunci ne ko da an yi shi da allo a hannu. Amma an rushe bukka ba a gina ɗaki ba, sai ga ruwa ya sauko.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wanda jikinsa ya saba da tiramol ko kodin, in ya rasa farat ɗaya, sai gumi ya karyo masa, ga ciwon gaɓoɓi, ga zawo, ga rashin barci. Mai shan ƙwayoyin barci irin su Valium kuwa yana iya faɗuwa da jijjiga har rai ya yi halinsa. Waɗansu alamun sun yi kama da zazzaɓi, a lokacin da kowa ke gudun mai zazzaɓi. Su kuma ƙwayoyin nan suna danne numfashi, korona kuwa huhu take nema. Ko da doka ta ɗaga wa mai larura ƙafa, a yi tunanin saurayi idonsa ja wur yana rawar jiki a shingen jami'an tsaro: wa zai karɓe shi a matsayin majinyaci?

Mun sha jin ana cewa ai shi ya jawo wa kansa. Haka ne, laifin farko nasa ne, ba mu wanke shi. Amma Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. Wanda aka hana a la'anta, da wace hujja za a hana shi magani?

Malaman fiƙihu ma sun yi nisa a nan fiye da yadda ake zato. Imamu Ƙarafi, Bamalike, a littafinsa Al-Furuƙ, ya rarrabe abin da ke bugarwa da nishaɗi kamar giya, da abin da ke ɓata hankali, da abin da ke gusar da ji da gani, ya nuna ba hukunci ɗaya suke ba. Ibnu Hajar Alhaitami, malamin Makka na ƙarni na 10 bayan Hijira, an tambaye shi game da wanda afiyun ya kama har in ya bari zai halaka. Ya ce in hakan ya tabbata, a ba shi gwargwadon abin da zai tsare ransa, kuma wajibi ne ya riƙa ragewa kaɗan kaɗan har ya rabu da shi. Ibnu Abidin ya ciro wannan fatawa a littafinsa. Abin da likitocin yau ke yi ke nan, da awo da lissafi. Sai dai a lura, likita ne ke yanke wannan, ba mai kemis ba, ba kuma shi majinyacin ba.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bincika ƙasashe 130 a 2020, ta tarar kashi 93 cikin ɗari annobar ta tsinka musu aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. A Amurka waɗanda ƙwaya ta kashe sun tashi daga wajen 70,000 a 2019 zuwa fiye da 90,000 a 2020, duk da hukuma ta yarda a ba majinyacin da ya natsu maganin kwana 28 ya tafi da shi gida.

An ɗage dokar ta-ɓaci kan korona a duniya ran 5 ga Mayu, 2023, kuma a Janairun shekarar aka sanar Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. Amma kwalara ta zo a 2021, mashaƙo a 2023, ga kuma 'yan bindiga da suka sha tsare hanyoyin ƙasar Matazu ba tare da wata annoba ba. Saboda haka muna roƙon ma'aikatan gwamnati masu riƙe da alƙalami su sa a horar da ko mutum biyu ne a manyan asibitocin Musawa da Kankiya da Malumfashi da Funtuwa su iya wannan aiki, a kuma rubuta tun yanzu cewa takardar likita ta isa ta wuce da irin wannan majinyaci a shinge. Alhazai 'yan kasuwa kuwa, matalaucin da ke neman rabuwa da ƙwaya yana cikin masu cin zakka. In ana tsoron ba shi a hannu, a nemi yardarsa a damƙa wa waliyyinsa ya biya kuɗin mota da na gado.