Gombe Abba, Tsohon Mazaunin Sarauta a Bakin Gongola

Wanda ya tashi a birnin Gombe na yau, ya saba da hayaniyar Babbar Kasuwa da cunkoson Tashar Dukku da ƙurar dawaki a ƙofar fada ranar hawan salla, yakan zaci nan ne asalin masarautar tun fil'azal, alhali kuwa garin bai zama mazaunin sarki ba sai a 1919, kuma a lokacin ana kiransa Doma. Gidan farko yana can arewa maso yamma, gaba da Dukku, a kan hanyar Darazo, inda kogin Gongola yake ratsawa. A nan Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya karɓi tutar jihadi daga hannun malaminsa, ya kafa Gombe Abba bayan ya shafe shekaru yana yaƙe-yaƙe a ƙasashen da ke tsakanin Bauchi da Barno da Fombina, a nan kuma aka binne shi da wa'adi ya cika a 1841.

A ƙasashen da ke gaɓar teku, idan sarauta ta tashi daga wani gida, sai hukuma ta karɓe shi, ta ɗora mai gadi da mai sayar da tikiti, baƙi su yi ta shiga suna kallon gadon da sarki ya kwanta da tagar da yake hangen jiragen ruwa. Haka aka yi da Baitul Aja'ib na Zanzibar, wanda Sarki Bargash ya gina a 1883 yana fuskantar teku, ko da yake shi ma wani sashe nasa ya rufta a ƙarshen 2020. Wanda ya nufi Gombe Abba da irin wannan tsammani zai koma gida da takaici, domin ginin ƙasa ba ya jure zaman kaɗaici. Muddin aka daina yi masa yaɓe kafin damina, aka bar indararo ya toshe, gara ta samu azara, to cikin 'yan shekaru kaɗan soron da aka yi hukunci a cikinsa zai koma tudun da akuya ke hawa. Abin da ya tsira a nan shi ne hubbaren Modibbo, da sunan garin, da tarihin da dattawa suke riƙe da shi a ka.

Saboda haka zuwa Gombe Abba ya fi kusa da ziyara bisa ga yawon buɗe ido, kuma ladubbansa na ziyara ne. Baƙo ba ya faɗa wa wuri kai tsaye da na'urar ɗaukar hoto a hannu. Sai ya fara neman manyan gari ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, mun zo ne daga Gombe mu gai da Modibbo," a amsa masa da maraba, a tambayi hanya da gajiya da mutanen gida, kana a haɗa shi da wanda zai yi masa jagora. A bakin hubbare yakan tuɓe takalmi, ya yi sallama irin wadda Sunna ta koyar ga ma'abota kabari, ya roƙa musu gafara da rahama, ya tuna cewa shi ma tafe yake. A ganina wannan tsari ya fi na tikiti mutunci, ko da yake yana da nasa aibi, wato duk abin da baƙo zai sani ya rataya ne a kan harshen wanda ya raka shi.

Shi kuwa garin, rayuwarsa ta kogi ce da gona. Da damina ana noma gero da dawa da masara da wake da gyaɗa, Gongola ya cika ya batse, ruwansa ya yi ja saboda laka. Da rani kuma, in ruwa ya janye ya bar yashi da fadama, sai masu lambu su sauka da albasa da tumatir da barkono, masunta su shiga da koma da taru, makiyaya su gangaro da shanu shayarwa da hantsi da la'asar. Kunne yakan ji Fulatanci da Hausa suna cuɗanya a baki ɗaya, kuma tsofaffi ba su manta ba cewa Bolawa sun riga kowa zama a wannan yanki. Yara suna wanka a gaɓar da kakanninsu suka shayar da dawakin yaƙi, ba tare da abin ya dame su ba.

Yadda sarauta ta bar wannan wuri kuwa labari ne mai tsawo. Bayan doguwar sarautar Muhammadu Kwairanga, wadda ta kai daga 1844 zuwa 1882, sai ƙarfin masarautar ya soma raguwa, musamman da Malam Jibrilla Gaini ya kafu a Bormi da da'awar Mahadiyanci, ya gagari sarakunan Gombe shekara da shekaru. A wannan Bormi ɗin ne Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903, yana kan hanyar hijira zuwa gabas, a yaƙin da shi ma Manjo Marsh na rundunar Ingila ya rasa ransa. Da Turawa suka kama ƙasa, sai suka duba abin da zai sauƙaƙa musu mulki, ba abin da ya dace da alfarmar gidan Buba Yero ba: a 1913 suka mai da hedkwata Nafada, inda jiragen ruwa suke iya isowa daga Binuwai lokacin cikar kogi, bayan shekara shida kuma suka sake ɗauke ta zuwa Doma, wadda ta fi kusa da ƙasar Tangale da Waja. Sarki Umaru shi ne ya ga waɗannan ƙaurace-ƙaurace duka biyu a zamaninsa. Daga nan arziki ya bi sarauta, auduga da gyaɗa suka tara 'yan kasuwa, jirgin ƙasa ya iso a 1963, har a 1996 sabon garin ya zama babban birnin jiha, tsohon kuwa ya ci gaba da nomansa.

Mutanen Kano sun yi dace da Gidan Makama, wanda aka gina tun zamanin Muhammadu Rumfa, domin ba a taɓa barinsa kango ba: Turawa sun yi ofis a ciki, an yi makaranta, daga bisani aka mai da shi gidan adana kayan tarihi, kowane zamani da mai yi masa yaɓe. Gombe Abba ba ta samu wannan rabo ba, kuma gina sabon soro da siminti a kira shi fadar Buba Yero ba zai zama gyara ba, ƙarya ce kawai za a yi wa jikoki. Abin da ya rage a hannu, wanda kuma ba ya bukatar dukiya mai yawa, shi ne ɗaliban tarihi na Jami'ar Jihar Gombe su zauna gaban dattawan garin da alƙalami da rikoda, su bi su ƙafa da ƙafa a nuna musu inda ganuwa ta bi da inda ƙofofi suke, a zana taswira tun masu nunawar suna iya tafiya.