Yadda baƙo zai ci ya sha a Adis Ababa

Duk wanda ya taɓa bin jirgin Habasha daga Kano ko Abuja ko Yamai zuwa Jidda ko Dubai ko ƙasar Sin ya san filin jirgin sama na Bole. Da yawa daga cikinmu a nan saninmu da Adis Ababa ya tsaya: ɗakin jira, motar otal, shinkafa da kaza, sai barci. Ga wanda hanya ta ba shi kwana biyu ko uku, ko wanda taron Tarayyar Afirka ya kai shi, wannan asara ce babba. Cin garin da shansa suna tafiya bisa tsari, kuma tsarin ba mai wuyar ganewa ba ne. Wanda ya gane shi zai ci ya ƙoshi hankali kwance.

Kafin maganar ciki, a fara da jiki da agogo. Sarki Menelik na biyu da matarsa Taytu ne suka kafa birnin a 1886 a gindin dutsen Entoto, kuma yana zaune a kan tudu mai tsayin sama da mita 2,300. Iska ba ta da kauri a can, shi ya sa sabon zuwa kan ji haki idan ya hau bene. A ranar farko ka yi tafiya a hankali, ka sha ruwa da yawa, kada ka cika ciki. Dare akwai sanyi, daga Yuni zuwa Satumba kuma ruwan sama ba ya ɗaga ƙafa. Agogonsu daga wayewar gari yake fara ƙirga: bakwai na safe a ƙirgen da muka saba shi ne ƙarfe ɗayansu. Idan aka gayyace ka cin abinci ƙarfe bakwai, mai yiwuwa ɗaya na rana ake nufi, don haka ka tambaya da wane agogo ake magana.

Sai gahawa, wadda suke kira buna, domin ita ce ƙofar shiga garin. Asalin itacenta dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha ne, yankin Kaffa da kewayensa. Za a ba ka labarin Kaldi, makiyayin da awakinsa suka ci 'ya'yan itacen suka kama tsalle. Wannan almara ce mai daɗin ji. Abin da tarihi ya fi tabbatarwa shi ne Sufayen Yaman suna shan ta a ƙarni na 15 don su raya dare da zikiri. A yau babu ƙasar Afirka da ta kai Habasha noman gahawa, kuma kusan rabin abin da ta noma a cikin gida ake shanye shi. Ba kasafai ake samun haka ba. Ƙasashe da yawa suna noma ta ne don Turawa, su kuwa Habashawa abin shansu ne na yau da kullum.

Iri biyu ce za ka tarar. Ta farko ita ce ta inji, gadon mamayar da Italiya ta yi wa ƙasar daga 1936 zuwa 1941. Ana kiran ta makiyato: gahawa mai ƙarfi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, da madara mai kumfa a kanta. Gidan Tomoca, wanda ya fara a unguwar Piyasa a 1953 kuma yake da rassa a cikin gari, shi ne inda aka fi kai baƙi. A tsohon shagon a tsaye ake sha, minti biyar mutum ya gama ya kama gabansa.

Ta biyun ita ce nake so baƙo ya ba lokacinsa, wato ta jebena. Jebena tulu ne na yumɓu, baƙi, mai zagayayyen ciki da dogon wuya. Mace ce ke haɗa ta, tana zaune a kan 'yar kujera, an shimfiɗa ɗanyar ciyawa a ƙasa, turaren lubban yana tashi a gefe. Da ɗanyun ƙwayoyi take farawa, masu launin kore-kore. Ta wanke su, ta zuba a faffaɗan kaskon ƙarfe bisa gawayi, tana juyawa har su yi baƙi su fara tsattsafo da mai. Daga nan ta ɗauko kaskon da hayaƙinsa ta zagaya da shi gaban kowa. Abin da ake so ka yi shi ne ka jawo hayaƙin da hannu zuwa fuskarka, ka shaƙa, ka yaba. Sai ta daka a ɗan turmi, ta zuba garin a jebenar da ruwa, ta mayar kan wuta. Idan ta tafasa ba a zubawa nan take. Ana sauke tulun a jingine shi a kan gammo don garin ya kwanta a ƙasa, domin babu mataci. Bayan haka ta ɗaga shi sama ta tsiyaya cikin ƙananan finjalai marasa mariƙi, tana bin su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta katse zubin ba. Babba ake fara miƙa wa.

Zagaye uku ake yi da gari ɗaya, ana ƙara ruwa ana sake tafasawa. Na farko abol, shi ne mai ƙarfi, na biyu tona, na uku baraka. A gidan mutane zaman kan ɗauki awa guda ko fiye, kuma tashi kafin na ukun rashin kyautawa ne. Za a ajiye gugguru ko soyayyen sha'ir, wanda suke kira kolo. Yawanci da sukari ake sha, amma a wasu yankuna da gishiri ko man shanu, kuma sau da yawa za ka ga an tsoma ɗan reshen wani ganye mai ƙamshi, tena adam, a cikin finjalin. Idan ba ka da wanda zai gayyace ka gida, kusan kowane lungu akwai mace da jebenarta da 'yan kujeru a bakin hanya, finjali ɗaya da kuɗi kaɗan. A ganina awa ɗaya a irin wannan wuri ta fi yini guda na zagaya gari a mota, domin nan ne direba da ma'aikacin banki da ɗalibi suke zama gwiwa da gwiwa suna taɗi. Wanda bai saba ba dai kada ya sha bayan la'asar, don za ta hana shi barci.

Abinci kuwa duk a kan injera ya dogara. Daga tef ake yin ta, wani hatsi mai ƙananan ƙwayoyi ƙwarai. Ana kwaɓa garin da ruwa a zuba ruwan tsohon ƙullu, a bar shi kwana biyu zuwa uku ya yi tsami, sannan a zuba a faffaɗan kasko a rufe, ba a juya ta. Wanda ya san sinasir zai gane ta da gani: ƙasanta sumul, samanta duk idanu, sai dai ita ta fi faɗi nesa ba kusa ba, ta fi laushi, ta kuma fi tsami sosai. Tsamin nan shi ke korar baƙi a loma ta farko. Kada ka ci ta gaya. An yi ta ne don ta haɗu da miya mai yaji da maiƙo, a nan ne tsamin ke samun wurin zama.

Ana shimfiɗa ta a babban tire, a jera miya iri-iri a kanta, a kawo wasu a nannaɗe a gefe. Za a zo da buta da kwano ka wanke hannu. Da dama ake ci, daga gabanka, kana yagar injera kana dumtsar miya da ita, ba cokali. Wadda aka shimfiɗa a ƙasa, da ta tsotse romon komai, ita ake ci a ƙarshe, kuma ta fi duka daɗi. Idan mai masaukinka ya naɗo loma ya kawo bakinka, kada ka kauda kai. Gursha ke nan, alamar ƙauna da girmamawa.

Abin da zai fi yi wa baƙo amfani shi ne sanin azumin Kiristocin Otodoks na ƙasar. Duk Laraba da Juma'a, in ban da 'yan makonnin bayan Ista, haka kuma a kwana 55 kafin Ista, da wasu lokuta cikin shekara, ba sa cin nama ko ƙwai ko madara ko man shanu. Ɗaruruwan shekaru na wannan horo sun sa Habashawa sun gwanance wajen dafa ganye da wake fiye da yawancin al'ummu. Ka nemi yetsom beyaynetu, wato haɗin abincin azumi. Za a kawo maka jan adas da aka dafa da berbere, da ɓarzajjen wake rawaya marar yaji, da dafaffen ganye, da kabeji da dankali da karas, da shiro, miyar garin wake mai kauri da ake kawowa tana tafasa a kasko. Babu abin da ya fito daga dabba a ciki, don haka babu tambayar yanka. Wuri ɗaya za a kula: akwai shiron da ake sa wa man shanu, akwai kuma bozena shiro mai nama, su ba na azumi ba ne. Berbere shi ne jigon girkinsu, jan barkono da aka niƙa tare da citta da tafarnuwa da hulba da wasu kayan ƙamshi da yawa.

Maganar nama ma garin ya riga ya warware ta. A ƙidayar 2007 Musulmi sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar, kuma zamansu tsoho ne, tun hijirar sahabbai zuwa wurin Najjashi. Bisa al'ada Musulmi da Kirista suna shan gahawa tare, suna zuwa bikin juna, amma kowa da mahaucinsa. Shagon mahaucin Kirista da alamar gicciye, na Musulmi da jinjirin wata ko rubutun Larabci, kuma gidajen abinci da yawa haka suke bi. Ba wanda zai ji haushi don ka tambaya. Naman alade kuwa 'yan Otodoks ɗin ma ba sa ci. Kewayen masallacin Anwar a cikin kasuwar Merkato cike yake da gidajen abincin Musulmi, unguwar Bole Mikael kuma ta Somaliyawa ce, inda za ka samu shinkafa da naman akuya.

Idan ka samu wurin da ka natsu da shi, ka fara da tibs, yankakken nama da aka soya da albasa da ɗanyen barkono. Doro wat ita ce ta ranar biki: albasa mai yawa da aka daɗe ana dafawa har ta narke, da berbere, da man shanu mai kayan ƙamshi, da kaza, da dafaffen ƙwai. Kitfo, wanda Guragawa suka shahara da shi, niƙaƙƙen naman sa ne da aka cakuɗa da man shanu da yajin mitmita, kuma ɗanye ake cin sa ko a ɗan ɗumama shi kawai. Shawarata ga baƙo ita ce ya ce a dafa masa sosai. Ɗanyen nama na iya sa tsutsar ciki, kuma masu gidan sun saba da irin wannan roƙo.

Saura abin sha mai sa maye, wanda ya kamata ko marar sha ya san kamanninsa. Giyar ƙasar ta asali ita ce tej, zuma da ruwa da itacen gesho da aka bari suka tsimu. Launinta rawaya ne mai duhu-duhu, tana da zaƙi, ana kawo ta a berele, kwalba mai zagayayyen ciki da siririn wuya. Haɗarinta ga wanda bai sani ba shi ne ba ta kama da giya a ido, ga zaƙin yana ɓoye ƙarfinta. A gidajen rawar gargajiya irin su Yod Abyssinia, inda ake kai baƙi kallon eskista, rawar kafaɗa, za ka gan ta a gaban mutane da yawa. Akwai kuma tella, giyar hatsi ta gida, da areke, wadda aka tace mai zafi. Giyar inabi ma ana yin ta a ƙasar. Kamfanin Awash shi ne tsoho, da sunayen Gouder da Axumit. Kamfanin Castel na Faransa ya dasa gonar inabi kusa da Ziway, kimanin kilomita 160 kudu da birnin, ya fara fitar da kwalabensa a 2014 da sunan Rift Valley da Acacia. Tudu da sanyin dare su ne suka sa inabin ke yi a wuri mai kusa da tsakiyar duniya haka.

Wanda ba ya sha ba zai zauna da ƙishi ba, kuma ƙin karɓa ba abin mamaki ba ne a garin da Musulmi suke da yawa, ga Kiristoci 'yan Pentikostal da su ma ba sa sha. Ana yin berz, ruwan zuma da ba a bari ya tsimu ba, amma tun da tsimuwa abu ne na kwanaki, ka tambayi yaushe aka haɗa shi. Akwai Ambo, ruwan ma'adinai mai gas da ke sauƙaƙa ciki bayan yaji. A gidajen 'ya'yan itace ka nemi spris: niƙaƙƙen fiya da mangwaro da gwanda hawa-hawa a kofi ɗaya, da kaurin da sai da cokali, a matsa lemon tsami a kai.

Ranar tafiya, idan za ka yi tsarabar gahawa, ka duba sunan yankin da ke jikin ledar. Ta Yirgacheffe da Sidama yawanci ana wanke ƙwayar kafin a shanya, sai ta fito da ɗanɗano marar nauyi mai ƙamshin fure da lemo. Ta Harar da ɓawonta ake shanya ta a rana, don haka ta fi nauyi, da ɗanɗanon busassun 'ya'yan itace. Ka sayi ƙwaya a maimakon gari, domin gari na rasa ƙamshinsa cikin 'yan kwanaki. Idan kana da mai soya maka a gida, ɗanyar ta fi duka jimre ajiya, kuma a Merkato ana auna ta da kilo. Jebena ma tana da araha, sai dai yumɓu ce, a cikin jakar hannu ake riƙe ta, a naɗe da tufafi.