Filin Farautar Barewa a Karkarar Amurka

A karkarar Amurka akwai filayen da ake saye domin farauta da shaƙatawa, waɗanda darajarsu a kasuwa take bin yawan barewar da ke kwana a cikinsu ko ratsawa ta cikinsu. Dabbar da aka fi nema ita ce barewa mai farar wutsiya, wadda namijinta ke da ƙaho mai rassa da yake zubewa kowane hunturu, sannan sabo ya tsiro a madadinsa.

A dokar ƙasar, namun daji amana ce a hannun gwamnatin jiha, wadda take riƙe da su a madadin jama'a, saboda haka jiha ce ke yanke lokacin farauta, ta ba da lasisi, ta kuma ƙayyade adadin da mafarauci zai harba, ko da a cikin gonarsa ne. Wannan tsari ya samo asali ne daga asarar da aka tafka, domin a wajajen 1900 farautar sayar da nama da saran dazuka sun rage barewar zuwa kimanin 500,000. Dokar Lacey ta 1900 ta hana safarar naman da aka harba ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, sannan dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware harajin bindigogi da harsasai domin raya namun daji. A yau ana ƙiyasta yawansu da kusan miliyan 30.

Tun da mai fili ba shi da iko da dabbar, aikinsa shi ne ya gyara wurin yadda za ta so zama, kuma bukatunta uku ne: abinci da mafaka da ruwa. Barewar ta fi cin toho da ganyen ƙananan itatuwa a kan ciyawa, don haka kurmin da manyan bishiyoyi suka rufe samansa ba ya ciyar da ita sosai, sai an sassare wasu rana ta kai ƙasa tukuna. Wurin da ta fi so shi ne gaɓar daji, wato inda kurmi ya haɗu da gona ko fadama, domin a can take kiwo da asuba da almuru, ta koma sarƙaƙiya ta kwanta da rana. Masu filaye sukan shuka 'yan gonakin waken suya ko masara su bar su ba girbi, su kuma kiyaye itatuwan da ake kira ok, waɗanda 'ya'yansu ke sa barewa ƙiba a lokacin kaka. Mai son sayen fili yakan zagaya da ƙafa yana duba sawu a bakin rafi, da ƙananan itatuwan da namiji ya ɓare wa ɓawo da ƙahonsa gab da lokacin barbara, wanda a jihohin arewa yake faɗowa a watan Nuwamba.

A jihar Texas, inda kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasa mallakar ɗaiɗaikun mutane ce, makiyaya da yawa suna ba mafarauta hayar izinin shiga, kuma tun 1995 filin noma da aka mayar ga kula da namun daji yana iya ci gaba da samun rangwamen harajin da yake samu. Yankunan da suka yi suna wajen manyan mazan barewa, irin su gundumar Buffalo a Wisconsin da gundumar Pike a Illinois, suna jawo masu saye daga nesa.

Yawan barewar ma yana da illarsa, domin garken da ya wuce ƙarfin fili yakan cinye tsiron da zai zama dajin gobe, cunkoso kuma yana sauƙaƙa yaɗuwar wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da dabba har ta mutu, wadda aka fara ganowa a Colorado a 1967 kuma har yanzu ba ta da magani. Dalili ke nan da hukumomi ke ƙarfafa harbin mata domin rage haihuwa. Da yake kuma namiji ɗaya yakan yi yawo a faɗin eka ɗaruruwa, abin da ya zarce girman filaye da dama, maƙwabta sukan haɗa kai su amince da barin ƙananan maza su girma, su kuma tsayar da adadin matan da za a cire kowace shekara.