Mdou Moctar: Jitar da ta faro daga Sakkwato ta kai ƙarar Faransa gaban duniya

A wata rumfar cajin waya da ke bakin titi a garin Roni, na tarar da matasa sun yi cincirindo a kan wata waya guda. Abin da suke kallo bidiyo ne na wani dogon mutum sanye da rawani da doguwar riga, ya rungumi farar jita a hagunce, yana kaɗa ta da saurin da ido ba ya iya bin yatsunsa. Ƙarar kuwa kamar ana yaga kwanon rufi. Ɗaya daga cikinsu ya ce kiɗan Turawa ne, wani ya ce a'a, Buzu ne ɗan Nijar. Kowannensu yana da rabin gaskiya.

Sunan mutumin Mahamadou Souleymane, amma duniya ta san shi da Mdou Moctar. Ba'abzine ne da aka haifa a shekarun 1980 a Jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, yankin Abalak da Cintabaradan, kuma a yau yana cikin makaɗan jita na Afirka da jaridun Amurka da Turai suka fi yin rubutu a kansu. Waƙoƙinsa biyu, "Afrique Victime" ta 2021 da "Funeral for Justice" ta 2024, su ne mafi kusa da abin da yankinmu ya samar irin na waƙar siyasa mai kiɗan da Turawa ke kira heavy metal.

Kiɗan ƙarfe da siyasa

Ma'anar sunan shi ne ƙarfe mai nauyi. Kiɗa ne na jitar lantarki da ake ƙure wa murya har sautinta ya dagule ya yi kauri, sannan a haɗa da ganguna masu bugu da ƙarfi. An fi danganta asalinsa da birnin Birmingham na Ingila, garin masana'antu, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fito. A 1970 suka saki "War Pigs", waƙar da ta caccaki shugabannin da ke tura 'ya'yan talakawa fagen daga, a lokacin da yaƙin Biyetnam ke ci. A 1989 ƙungiyar Metallica ta Amurka ta fitar da bidiyonta na farko, na waƙar "One", inda ta cusa yankunan wani fim na 1971 game da sojan da bam ya raba da hannuwa da ƙafafu da fuska. A 2003 kuma System of a Down suka haɗa bidiyon "Boom!" da hotunan zanga-zangar da aka yi a biranen duniya ranar 15 ga Fabrairu don hana mamaye Iraƙi.

Masu sharhi ba sa saka Mdou Moctar kai-tsaye a wannan aji, sun fi cewa kiɗan rock yake yi. Shi kansa ya sha faɗa cewa bai tashi da sauraron waɗannan ƙungiyoyi ba, sai da ya girma aka nuna masa wasan Eddie Van Halen a YouTube. Amma ƙarar da fushin iri ɗaya ne. Bambancin shi ne ƙarƙashin ƙarar akwai takun takamba da tafin Abzinawa, wanda duk wanda ya taɓa halartar bikin Buzaye zai gane.

Jita ba sabuwar makami ba ce a hannun Abzinawa. Fari na shekarun 1970 da 1980 ya kashe dabbobinsu, ya kora samarinsu Aljeriya da Libiya neman abin yi. Ana kiran waɗannan samari ishumar, kalmar da aka lanƙwasa daga ta Faransanci mai nufin marar aiki. A cikinsu ƙungiyar Tinariwen ta fito, kuma kaset-kaset ɗinta su ne suka riƙa yawo hannu da hannu suna kai saƙon tawaye. A Nijar, kisan da sojoji suka yi a Cintabaradan a watan Mayun 1990 shi ya hura wutar tawayen da bai lafa ba sai da yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995. Mawaƙin wannan zamani a ɓangaren Nijar shi ne marigayi Abdallah Oumbadougou. Wasansa Mdou ya gani yana yaro, ya koma gida ya harhaɗa jita da katako da wayar birkin keke, domin gidansu gidan addini ne da ba a ɗauki kiɗa sana'ar kirki ba.

Rabon Sakkwato a labarin

Abin da yawancin masu sauraronsa a Najeriya ba su sani ba shi ne faifansa na farko a ƙasar Hausa aka ɗauke shi. A 2008, bayan ya dawo daga ci-rani a Libiya, ya zo Sakkwato ya shiga situdiyo irin wanda ake buga waƙoƙin finafinan Hausa. Abin da ya fito, faifan "Anar", ba ya kama da abin da yake yi yanzu ko kaɗan. Ganga ta kwamfuta ce, murya kuma an bi da ita ta na'urar nan mai lanƙwasa sauti da ta mamaye waƙoƙin nanaye a wancan lokaci. Waƙoƙin soyayya ne da harshen Tamashek, sanye da rigar Kannywood.

Babu kamfanin da ya fitar da faifan a lokacin. Ta Bluetooth da katin memori ya bi, daga wayar direba zuwa ta ɗan tireda, har ya ratsa Nijar ya isa Mali da Muritaniya, sau da yawa ba tare da sunan mai shi ba. Hanyar nan ce dai da masu tura waƙa a kasuwannin Kazaure da Babura suke bi har gobe. Wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya ci karo da waƙar "Tahoultine" a wayoyin mutane, ya saka ta a wani faifan haɗaka da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, sannan ya shiga neman mai muryar har ya same shi. Da ya zo Nijar, ya riƙo masa tsarabar jita ta bahago.

Su biyun ne suka yi fim a Agadas da ya fito a 2015, wanda suka gina a kan "Purple Rain" na mawaƙi Prince. Labarin saurayi ne mai jita da babur, da uba mai ganin kiɗa ɓata ne. Sunan fim ɗin da Tamashek yana nufin ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki, wai saboda harshen ba shi da kalma guda ta launin da ake nufi. Wannan fim, da bidiyoyin bukukuwan aure da ake ɗauka da waya a filin Allah, ga janareta ga ƙura ga samari a kan babura, su suka kafa siffar da duniya ta san shi da ita. Ko da ya hau manyan dandamali, har da bikin Coachella na Kalifoniya a 2024, bai sauke rawanin ba.

Abin da waƙoƙin ke ƙorafi a kai

"Afrique Victime" ta fito a watan Mayun 2021 a ƙarƙashin kamfanin Matador na New York. Ta haura minti bakwai. Tana farawa a hankali kamar tafiyar raƙumi, tana ƙara sauri kaɗan-kaɗan, har zuwa inda murya ke janyewa a bar jita ita kaɗai tana kururuwa. Baitocin ba su da yawa, kuma jigonsu zaluncin da ake yi wa Afirka da haɗarin yin shiru a kai.

Wanda zai fahimci fushin sai ya san Arlit, garin da Mdou ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa. A 1971 kamfanin Somaïr ya fara haƙar yuraniyom a can, a 1978 Cominak ya biyo baya a Akokan, dukkansu ƙarƙashin kamfanin Faransa da ya canza suna daga Cogema zuwa Areva zuwa Orano. Faransa tana samun kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga makamashin nukiliya, kuma a 2022 kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na yuraniyom ɗin da Tarayyar Turai ta saya daga Nijar ya fito. A daidai wannan lokaci, mutum ɗaya ne kacal cikin biyar ke samun wutar lantarki a Nijar, mafi yawan wutar ma daga Najeriya ake sayo ta. An rufe mahaƙar Cominak a ƙarshen Maris na 2021, makonni kaɗan kafin fitowar waƙar, aka bar wa mutanen garin tsibin dusar ma'adinin da masu kare muhalli suka daɗe suna kuka da ita.

Akwai wurin da waƙar ta yi juyayin Gaddafi, kuma nan ne na rabu da mawaƙin. Gaskiya ne kashe shi a Oktoban 2011 ya ɓalle rumbunan makamai da suka kwarara Mali da Nijar, wasu har dazukanmu. Amma Gaddafin nan ne ya ɗebi samarin Abzinawa ya sa musu kaki, ya tura su yaƙi a Chadi da Labanan, yaƙin da ba nasu ba. Mai kuka da masu cin moriyar Afirka bai kamata ya tsallake wannan ba.

"Funeral for Justice", wato jana'izar adalci, ta fi ta baya zafi da gaggawa. An ɗauki faifan cikin kwana biyar a wani gida da ke karkarar Jihar New York, tare da abokan tafiyarsa uku: Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, Souleymane Ibrahim mai ganga, da Ba'amurke Mikey Coltun mai jitar gindi wanda kuma ya tsara sautin. A wannan karo bai tsaya kan baƙi ba, ya juyo kan shugabannin Afirka yana tuhumarsu da sakin dukiyar ƙasashensu. Waƙa guda kuma, "Oh France", ta kira Faransa da sunanta.

Juyin mulki ya riga faifan fita

An gama ɗaukar faifan kafin 26 ga Yulin 2023, ranar da dogaran fadar shugaban ƙasa ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Mawaƙan suna rangadi a Amurka a lokacin. Aka rufe iyakoki da sararin samaniya, suka maƙale, har sai da masoyansu suka yi karo-karo ta intanet don ɗaukar nauyin zamansu. A wannan zaman jira ne suka sake ɗaukar waƙoƙin da jitar katako a Brooklyn, faifan da ya fito a farkon 2025 da sunan "Tears of Injustice".

Mu a wannan yanki ba sai an ba mu labarin watannin nan ba. Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, ta rufe iyaka bisa takunkumin ECOWAS, kasuwannin Babura da Maigatari suka yi sanyi, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Kafin faifan ya fito a watan Mayu na wannan shekarar, jakadan Faransa ya bar Yamai, sojojinta na ƙarshe sun fice a Disambar 2023. Daga baya gwamnatin soja ta ƙwace lasisin Imouraren daga Orano a Yunin 2024, ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa a Yunin 2025.

Wannan ya sa wasu suka ɗauki faifan a matsayin taken sojoji. Mdou ya fito ya ce shi ba ya goyon bayan juyin mulkin, amma bai taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba, kuma ƙiyayyarsa ga manufofi ce, ba ga Faransawa ko Amurkawa ba. Matsayi ne mai wuyar riƙewa a Nijar ta yau, inda aka rushe jam'iyyun siyasa a Maris na 2025, aka rantsar da Tchiani na shekara biyar ba tare da zaɓe ba. Rabin tuhumar da ke cikin waƙar, wanda ya shafi shugabannin gida, yana nan daram bayan tafiyar Faransa.

Inda abin ya taɓa Bahaushe

Jigon waƙoƙin ba baƙo ba ne a wurinmu. Abubakar Ladan Zariya ya yi wa haɗin kan Afirka waƙa tun da daɗewa, mawaƙan NEPU irin su Gambo Hawaja sun sha wuya a kan faɗar gaskiya ga masu mulki, an kuma kama Aminu Ala a Kano a 2009 saboda waƙa. Sai dai abin da ya fi cika wayoyinmu a yau a matsayin waƙar siyasa shi ne kirarin ɗan takara da zambo ga abokin hamayyarsa, bidiyon kuma jerin gwanon motoci ne da hulunan jam'iyya. A waƙoƙin Mdou babu ɗan takara. Mai yiwuwa dalilin shi ne abincinsa ba a hannun ɗan siyasa yake ba, a hannun masu sayen tikiti ne a Turai da Amurka, wato ƙasashen da yake tuhuma. Wani zai kira wannan tufka da warwara. Ni dai ina ganin shi ya ba shi bakin magana, kuma rahotanni sun nuna yana kashe wani kaso na abin da yake samu wajen haƙa rijiyoyi a ƙauyukan Nijar.

Waƙar da ya kamata mai karatun Hausa ya fi tsayawa a kanta ita ce "Imouhar", inda yake roƙon 'yan uwansa kada su bari Tamashek ya mutu a bakin 'ya'yansu. Yatsa ya fi nuna Faransanci, amma a Agadas da Tawa da Arlit, harshen da yaron Ba'abzine ke ɗauka a kasuwa da tasha ya dawo da shi gida shi ne Hausa. Haka 'ya'yan Buzayen da ke gadi da sayar da shayi a Kano da Kazaure, da yawansu Hausa suke fara ji kafin harshen kakanninsu. A ƙarshen Maris na 2025 sabon kundin mulkin sojan Nijar ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya sauke Faransanci zuwa harshen aiki, ya jera Tamashek cikin sauran harsuna tara da ake magana da su. Mun yi murna da labarin a nan, kuma muna da dalili. Idan jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, wanda layinsa ya ratsa ta Kazaure, ya fara aiki, Hausa za ta ƙara samun ƙafar shiga arewa, can inda Mdou yake roƙon a bar wa yara harshensu.