Dokokin Raya Masana'antu da Rangwamen Haraji: Darasi Daga Kwarin Bakolori

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba iyakar ikon da gwamnatin jiha take da shi wajen jawo masana'antu zuwa ƙasarta, da matsayin rangwamen haraji a cikin wannan aiki, da kuma dalilin da ya sa jiha ɗaya ba ta iya yin sa ita kaɗai. An zaɓi ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun ta zama abin misali, domin a nan ne Gwamnatin Tarayya ta zuba dukiya mai yawa a kan madatsar ruwa ta Bakolori, da fatan noman rani zai haifar da masana'antun sarrafa amfanin gona. Yau fiye da shekara arba'in ke nan da gama madatsar, amma galibin abin da ake nomawa a kwarin ɗanye yake fita. Dalilin haka abin nazari ne ga ɗalibi, abin lura ne kuma ga ma'aikacin gwamnati wanda watakila gobe za a sa shi ya tsara wa jiharsa dokar masana'antu.

Abin da aka gina a Bakolori

A shekarar 1973 gwamnatin soja ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. A 1974 kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya fara ginin madatsar a kan kogin Sakkwato, aka kammala ta a 1978. Tafkin da ya taru yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ya kuwa cinye gonaki da ƙauyuka na ƙasar Maradun. Filin ban-ruwa da aka shimfiɗa a ƙasan madatsar, daga Talata Mafara zuwa Bakura, ya kai wajen hekta 23,000, kuma mafi yawansa an tsara shi ne a kan injunan feshin ruwa masu bukatar wuta da kayan gyara daga ƙasashen waje. Da injunan suka lalace, sai wannan ɓangare ya koma zaman banza, noman rani ya tattara a inda ruwa ke bin magudanai da kansa. Sai a 2014 aka ƙulla wani shiri da Bankin Duniya, mai suna TRIMING, wanda gyaran Bakolori yake cikinsa.

Manoman kwarin suna noma shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa da dankali. Kasuwar Talata, wadda garin Mafara ya sami laƙabinsa daga gare ta, tana bisa babban titin Gusau zuwa Sakkwato. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, akwai kuma kwalejin aikin gona a Bakura. Watau ke nan ga ruwa, ga ƙasar noma, ga kasuwa, ga makarantun horar da ma'aikata. Tambayar ita ce, me doka za ta iya ƙarawa a kan waɗannan?

Wa ke da ikon yafe haraji?

Sau da yawa akan ji gwamnatin jiha ta yi shelar cewa duk mai jarin da ya zo za a ba shi hutun haraji. Ya kamata a san cewa babban harajin da kamfani yake biya, watau harajin riba, ba na jiha ba ne. Na Gwamnatin Tarayya ne, haka nan kuɗin kwastan da ake biya a kan injunan da aka shigo da su. Wanda ba shi ke karɓa ba kuwa, ba shi da abin yafewa.

Tsarin hutun harajin riba ya samo asali tun zamanin Turawa, da wata doka ta 1952 wadda aka yi don taimakon masana'antu sababbin shiga. An sake ta a 1958, sa'an nan aka kafa Dokar Raya Masana'antu ta 1971, wadda ta ba irin waɗannan kamfanoni hutun shekara 3, da damar ƙarin shekara 2. Daga baya Hukumar Bunƙasa Zuba Jari ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, ita ta riƙa ba da takardar shaidar wannan hutu. A watan Yuni na 2025 aka sa hannu a kan sabuwar dokar haraji, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta kuma sauya tsarin. Maimakon a yafe harajin riba ɗungurungum, sai a duba abin da kamfani ya kashe wajen gini da sayen injuna a sana'o'in da doka ta zayyana, a rage masa naira 5 daga harajinsa a kan kowace naira 100, kowace shekara har shekara 5.

To, abin da ya rage a hannun jiha shi ne irin harajin da dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ta jera mata: harajin albashin ma'aikata mazauna jihar, kuɗin rajistar wurin sana'a, harajin fili a birane, kuɗin takardun mota, da makamantansu. Waɗannan jiha tana iya sassautawa, amma ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada su da kuɗin man injin da masana'anta ke ƙonawa a wata guda. Har ila yau, harajin albashi shi ne babbar ribar da baitulmalin jiha yake ci daga zuwan masana'anta. Jihar da ta yi wasa da shi ta ba da fili, ta ba da ruwa, ta tashi hannu wofi.

Akwai kuma wata magana da ta fi wannan muhimmanci. Hutun harajin riba yana amfanar kamfanin da ya ci riba ne kawai. Injin casar shinkafa da ya yi rabin shekara a tsaye saboda rashin wuta ko rashin shanshera ba shi da ribar da za a yafe wa haraji. Ƙananan masu sana'a kuwa, dokar kuɗi ta 2019 ta riga ta ɗauke harajin riba daga kan kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba, sabuwar doka ma ta ƙara ɗaga wannan iyaka. Saboda haka alkawarin rangwame ba ya canza komai ga mai ƙaramin injin casa ko mai matsar man gyaɗa a Talata Mafara.

Ikon jiha na gaskiya

Ƙarfin jiha yana ga ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta ɗauko tsarinta daga dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallakar fili, shi ne kuma ke da ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Ƙaramar hukuma tana iya ba da filin noma har hekta 500, na kiwo har hekta 5,000, abin da ya wuce haka sai da iznin gwamna. Banki ba ya karɓar fili jingina sai da wannan takarda, don haka saurin fitowarta da tabbacin ba za a soke ta ba sun fi wa mai jari amfani bisa ga kowane rangwame.

Amma wannan iko wuƙa ce mai kaifi biyu, Bakolori kuwa ta nuna haka. Dokar ta tanadi diyya a kan abin da mutum ya shuka ko ya gina, ba a kan ita kanta ƙasar ba. Manoman da aka tasa saboda tafkin, da waɗanda aka riƙe wa gonaki shekara da shekaru ana shimfiɗa magudanai, sun yi ta kuka a kan diyya da rabon filaye. Da kukan bai yi amfani ba, suka tsare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far wa ƙauyukan, musamman Birnin Tudu. Adadin mamatan da gwamnati ta bayar bai kai 30 ba, wasu masu bincike kuwa sun ce ya wuce 300. Duk dokar masana'antun da za a yi wa wannan yanki, in ba ta fara da bayanin yadda za a karɓi fili da yadda za a biya mai shi ba, to an yi gini ne a kan toka.

Wuta ma ta shigo hannun jiha. Gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023, da Dokar Lantarki ta wannan shekara, sun ba jihohi damar samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. Da ma an sa ƙaramar tashar wuta ta megawat 3 a jikin madatsar Bakolori, ga kuma rana mai ƙarfi a yankin. Sai kuma tsaro, wanda shi ne uwa uba. Harin da 'yan bindiga suka kai kwalejin Bakura a watan Agusta na 2021, inda suka kwashe ɗalibai da ma'aikata, ya isa ya sa mai jari ya sake tunani, kome yawan harajin da aka yafe masa. Ma'adinai kuwa ba na jiha ba ne. Gwamnatin Tarayya ce ta hana haƙar su a Zamfara a 2019, ita ce kuma ta ɗage hanin a ƙarshen 2024.

Dalilin haɗa kai da maƙwabta

Lokacin da aka tsara aikin Bakolori, daga Gusau har Birnin Kebbi jiha ɗaya ce, Jihar Arewa maso Yamma. A 1976 aka yi Jihar Sakkwato, a 1991 aka cire Kebbi, a ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka cire Zamfara. Kogin bai san da wannan rabo ba. Yana tasowa daga wajen Funtuwa a Jihar Katsina, ya ratsa Gusau da Bakolori, ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato, ya wuce Argungu har ya faɗa Kwara. Ruwan da aka tare a Maradun ragi ne ga mai shinkafar fadama da masunci na ƙasa, an kuwa ga haka tun farkon shekarun 1980, lokacin da ambaliyar damina ta ragu, noman fadama ya ja baya. Shi ya sa tsarin mulki na 1999 ya bar ikon ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun Majalisar Tarayya. Jihar da ta yi wa kamfanin sukari ko na tumatir alkawarin ruwan Bakolori, ta yi kyauta da abin da ba nata ba.

Haka abin yake ga ciniki. A 1985, cikin shari'ar Babban Lauyan Jihar Ogun da Aberuagba, Kotun Ƙoli ta yanke cewa jiha ba ta da ikon ɗora haraji a kan cinikin da ke tsakanin jihohi. Duk da haka, motar da ta ɗauko tumatir ko albasa daga arewa takan gamu da shingayen masu yankar rasit bila adadin kafin ta isa kudu. Kawar da waɗannan shingaye rangwame ne na gaskiya, amma ba ya yiwuwa sai jihohin da ke kan hanya sun yarda gaba ɗaya.

Arewa ba baƙuwar haɗin gwiwa ba ce. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957 da jarin Gwamnatin Jihar Arewa da na wani kamfanin Ingila, audugarta kuwa har da ta ƙasar Gusau da Funtuwa. Bayan an raba jihohi a 1967, kamfanin raya ƙasa na Arewa, wanda aka fi sani da NNDC, ya zama mallakar jihohin arewa baki ɗaya, yanzu su 19. Amma dukiyar da ta zama ta kowa takan rasa mai tsaya mata. Da fasa-ƙwaurin yadi da tsadar mai da rashin wuta suka taru, masaƙar ta rufe a 2002. Yarjejeniyar shinkafa da Kebbi da Legas suka ƙulla a 2016 ta bi wata hanya dabam: ɗaya tana noma, ɗaya tana da kasuwa, kowa ya san abin da ya kawo da abin da zai samu. A gabas kuma, jihohi 6 na kwarin Haɗeja da Jama'are da Komadugu-Yobe sun kafa asusun haɗin gwiwa a 2006 don kula da ruwan da suke tarayya a kansa. Ga kuma Hukumar Raya Arewa maso Yamma, wadda aka sa hannu a kan dokarta a 2024.

In babu irin wannan jituwa, sai gasa ta shiga. Zamfara ta yafe kuɗin fili, Sakkwato ta yafe fiye da haka, Kebbi ta ƙara da nata, kamfanin da da ma ya yi niyyar zuwa yankin ya zaɓi mafi araha, baitulmali uku su yi hasara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya kamata doka ta ƙunsa

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da sharuɗɗa huɗu. Na farko, kada jiha ta yi alkawarin abin da ba ya hannunta. Ta tsaya ga fili da hanya da wuta da saurin ba da takardu. Na biyu, kowane rangwame ya zama yana da wa'adi da sharaɗi a rubuce: yawan 'yan ƙasa da za a ɗauka aiki, da yawan amfanin gonar da za a saya daga manoman Bakura da Maradun da Mafara. Kamfanin da ya kasa cikawa ya mayar da abin da aka yafe masa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na uku, a bayyana wa majalisar jiha kowace shekara adadin kuɗin da aka yafe da sunan wanda aka yafe wa, gama harajin da ba a karɓa ba daidai yake da kuɗin da aka kashe. Na huɗu, jihohin da kogin ya ratsa su zauna da Hukumar Sakkwato da Rima su rubuta lokutan sakin ruwa, su daidaita rangwamen da za su riƙa bayarwa, su kuma amince da rasit guda ɗaya ga motar kayan gona.

Tsara irin wannan doka aikin ma'aikatan ma'aikatun ciniki da ƙasa da kuɗi da shari'a ne, su ne kuma za a tambaya in ta kasa. Ma'aunin nasararta ba shi da wuyar ganewa. A duba ko shinkafar da aka girbe a Bakura tana fita daga kwarin a cashe cikin buhu mai suna, a kuma duba ko manomin da aka karɓi gonarsa an biya shi kafin a aza harsashin ginin masana'anta.